Yadda ake gyara sito da ya cushe, ya kuma zauna a gyare

Da wuya a sami gidan da ba shi da wani ɗan ɗaki ko kabad da ake buɗewa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na shirin tare abin da zai faɗo. Nan ake cusa fankar da ta daina juyawa, ragowar fenti, jakar tafiya, kwalin talabijin, wayoyin caja da ba wanda ya san na wace waya ce, da bargon da sai sanyi ya shigo ake tunawa da shi. Kowane ɗaya daga cikinsu ya shiga ne ranar da wani ya riƙe shi a hannu, ya rasa ko a yar, ko a gyara, ko a bayar, sai ya ce a ajiye tukuna. Don haka mafi yawan aikin gyaran sito yanke shawara ne. Shara da jera kaya su ne ƙaramin ɓangaren. Wanda ya fara da sayen akwatunan roba masu kyau, tarkacen nan dai zai samu a ƙarshe, sai dai yanzu suna da murfi.

Mataki na farko: kafin ku taɓa komai

Ku ware lokacin da ba za a katse ku ba. Ƙaramin kabad zai ci awa biyu ko uku, ɗaki guda kuwa zai iya cinye yini. Idan ba ku da yinin, kada ku zazzage ɗakin duka a tsakar falo da yamma, don dare zai yi, gajiya ta zo, a kwashe komai a mayar yadda yake ko ma fiye da haka muni. Gara ku ɗauki kanta ɗaya ku gama ta, gobe ku ɗauki ta biyu.

Kayan aikin ba su da yawa: manyan ledojin shara, kwalaye uku ko huɗu na wucin gadi, maka, salatif mai faɗi, tsumma, bokitin ruwa da sabulu, tocila, tef ɗin awo, safar hannu, da takunkumi saboda ƙura. Idan akwai mai asma a gidan, ya nisanci wurin har a gama.

Sai tambaya guda da ya kamata a amsa tun yanzu: mene ne aikin wannan siton? Ku faɗe shi a jimla ɗaya, misali "kayan shara, kayan gyare-gyare, da shimfiɗun baƙi." Duk abin da bai shiga jimlar ba, sai ya kawo hujja kafin ya koma. Sito da ba a faɗi aikinsa ba, komai yana da izinin shiga.

Ku kuma sanar da mutanen gidan. Rigimar da ke biyo bayan gyaran sito kusan kullum a kan abu ɗaya take: an zubar wa wani da kayansa ba a tambaye shi ba.

Mataki na biyu: a fitar da komai

Ku fara da ƙasa, don ku sami wurin tsayawa da wurin kafa tsani. Daga nan ku koma can sama ku riƙa saukowa, saboda ƙurar sama kada ta zubo kan wurin da kuka riga kuka share. Kada ku hau kujera mai taya ko bokitin da aka kife. Kuma kafin ku jawo kwali daga saman kai, ku ɗan tura shi ku ji nauyinsa.

Komai na nufin komai, har abin da kuka tabbata zai koma. Kayan da aka bari a wurinsa ido ya saba da shi, ba ya ganinsa kuma. Sai an ɗaga shi an ajiye a wani wuri sannan mutum yake tambayar kansa me yake yi da shi.

Yayin da kuke fitarwa, ku riƙa haɗa jinsi da jinsi a ƙasa ko kan tebur: kayan wuta a nan, kayan shara a can, takardu, yadudduka, kayan aikin hannu, kayan wasan yara. Ba a yanke hukunci a wannan matakin, tarawa kawai ake yi. Amfaninsa yana bayyana nan take. Sai ga almakashi uku, salatif biyar da aka fara kowanne, kwan fitila shida a wurare huɗu. Duk an saye su ne saboda an nemi na farko ba a gani ba, kuma wannan ita ce asarar da sito mai cushewa yake jawowa a ɓoye.

Mataki na uku: yanke hukunci

Nan ne aikin yake. Ku yi kashi biyar: abin da zai koma sito, abin da wurinsa wani ɗaki ne, abin bayarwa ko sayarwa, abin gyara, da abin zubarwa. Ku rubuta sunan kowane kashi a jikin kwali ko leda, don idan an gaji hannu yana mantawa.

Ku fara da jinsin da ba ya taɓa zuciya, kamar kayan shara da kwalaye marasa komai. Hotuna, wasiƙu da kayan wanda ya rasu a bar su sai ƙarshe, ko ma wata rana daban. Wanda ya buɗe kwalin hotuna da ƙarfe goma na safe, azahar za ta same shi zaune a ƙasa yana kallo.

Ga kowane abu, tambayoyi uku sun isa. Yaushe aka yi amfani da shi na ƙarshe? Idan bukatarsa ta taso gobe, zan tuna yana nan, ko sabo zan saya? Idan babu shi, me zan yi? Tambaya ta biyu ta fi sauran kaifi, don abin da aka manta da shi daidai yake da abin da babu, illa iyaka yana cin wuri. Ana cewa ajiya maganin wata rana, kuma gaskiya ne, amma sai ajiyar da za a iya samu a ranar. Shekara ɗaya ma'auni ne mai kyau, tunda ta ƙunshi zafi da sanyi da damina da duk wata hidima ta shekara. Abin da shekara ta zagayo ba a taɓa ba, sai in yana cikin waɗanda ake ajiyewa don ranar tsautsayi, irin su na'urar kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, tocila, da takardu masu muhimmanci.

Wasu jinsuna suna da nasu hukuncin.

Wayoyin caja da na lantarki: ku zazzage su, ku warware, ku gwada kowace da na'urar da take nan a gidan yanzu. Wadda ba ta shiga komai ba ta tafi. Wadda robarta ta tsage har ana ganin tagulla ta tafi, ko da tana aiki. Daga kowane iri a bar biyu, a naɗe, a ɗaure, a liƙa guntun salatif a rubuta ta mece ce.

Kwalayen na'urori: a ajiye muddin garanti bai ƙare ba, don wasu masu sayarwa suna neman kwalin idan za a mayar. Bayan nan ba su da wani aiki sai zama gidan kyankyasai. Idan dole a ajiye na babban abu kamar talabijin saboda ƙaura, a yanke salatif ɗinsa a kwantar da shi ya zama falle ɗaya.

Rasit da takardun garanti: yawancin rasit ɗin da injin kanti ke fitarwa a kan takarda mai aiki da zafi ake buga su, shi ya sa rubutun yake dushewa da kansa, musamman a wuri mai zafi ko haske. Ku ɗauki hotonsu da waya yau, kafin su koma fari fat.

Ragowar fenti: a buɗe a juya da sanda. Idan ya haɗe ya koma yadda yake, yana da sauran amfani. A rubuta a murfin ɗakin da aka shafa da shi. Idan ya yi gudaji, ya daskare, ko yana wari kamar ya ruɓe, ya gama.

Kashin gyara shi ne mai yaudara. Mutum yana jin ya yanke shawara, alhali ɗage ta ya sake yi. Ku ba shi wa'adi, mako biyu misali, ku kuma ajiye kayan kusa da ƙofar fita inda za su dame ku, kada su koma sito. Idan wa'adin ya cika ba a kai wa mai gyara ba, amsar ta fito.

Akwai abin da za ku juya a hannu ku kasa yanke masa hukunci. Kada ku tsaya a kansa. Masana'antun Japan, musamman kamfanin Toyota, sun shahara da wani tsarin shirya wurin aiki da ake kira 5S, kuma a matakinsa na farko akan liƙa wa duk kayan da ake shakka a kansa jar takarda mai kwanan wata, a kai shi gefe. Idan lokaci ya wuce ba wanda ya nema, sai a fitar da shi. A gida kwali ɗaya ya isa. Ku zuba masu shakkar a ciki, ku rufe da salatif, ku rubuta kwanan watan da zai cika wata shida. Abin da aka buƙata kafin ranar a ciro shi, ya cancanci zama. Sauran su tafi, kuma shawarata kada a sake buɗe kwalin a ranar, don buɗewa na nufin sake shari'ar daga farko. Sharaɗin kawai shi ne kwalin ya zama ɗaya. Idan ya kai uku, ba a yi komai ba.

Kayan wani kuwa ba a yanke musu hukunci a bayan idonsa. A tara masa a kwali, a nuna masa, a ba shi lokaci. Ɗan da ya girma ya bar gida, ko ɗan'uwan da ya ba da ajiya shekara da shekaru, a tura masa hoto a tambaye shi ranar da zai zo ya ɗauka. Yara ƙanana ma a sa su zaɓi da kansu. Ba sa ƙin rabuwa da kayan wasa kamar yadda ake zato, idan aka ce su zaɓi waɗanda suka fi so maimakon waɗanda za a ɗauke.

Kashin bayarwa da na zubarwa su bar gidan a ranar, ko washegari. Ledar kyauta da ta kwana uku a bakin ƙofa, wani zai buɗe ta ya ciro rabi. Kuma abin da ya lalace ba kyauta ba ne, kada a ɗora wa wani aikin zubar da shi.

Mataki na huɗu: abin da bai kamata ya koma ba

Wannan ɓangaren ya fi tsari muhimmanci, don a nan ake samun abin da ke kai mutum asibiti.

Tukunyar gas, fetur da makamantansu ba su da wuri a rufaffen sito cikin gida. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, kuma ɗan tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da shi. Tururin fetur ma haka yake. Wurinsu inda iska ke ratsawa, nesa da wuta da rana. Tsumman da aka goge man fenti ko man shafa katako da shi, idan aka dunƙule aka tara, yana iya yin zafi har ya kama da wuta da kansa. A shanya shi a waje ya bushe sarai kafin a zubar.

Sinadaran wanki da shara za su iya zama, amma da sharaɗi. Bilic idan ya haɗu da ammoniya yana fitar da iska mai guba da ake kira kuloramin. Idan ya haɗu da asid, irin ruwan khal ko wasu magungunan wanke masai, iskar kulorin yake fitarwa. Duka biyun suna ƙona ido da huhu. Don haka kada a jera su kafaɗa da kafaɗa inda ɗaya zai iya zubowa kan ɗaya. Kowanne ya zauna a tsaye, murfi a rufe, cikin faranti ko kwandon roba da zai tare yoyo. Kada a taɓa juye kananzir, maganin ƙwari ko bilic cikin robar ruwan sha ko kwalbar lemo. Yaro ba ya karanta rubutu, kwalbar ya sani. Duk abin da aka rasa sanin mene ne saboda takardarsa ta goge, ba a shinshina shi don a gane, a raba shi da gidan. Kuma kayan abinci da sinadarai ba sa haɗa kanta ɗaya, na abinci ba ya zama ƙarƙashin na shara.

Batura: ku buɗe duk tocila, rediyo da kayan wasan da suka daɗe a ajiye. Sau da yawa za ku tarar da farin gari ya daskare a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, sifirin ya yi kore ko ya ci tsatsa. Ruwan cikin batir ne ya fito, kuma yana cin fata, don haka a sa safar hannu. Na'urar da za ta yi watanni ba a kunna ba, a cire mata batir. Sababbi a bar su cikin kwalinsu, kada a zuba su haɗe da makullai, ƙusoshi ko tsabar kuɗi, saboda ƙarfe yana iya haɗa bakunansu su yi zafi. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 ya fi saurin yin haka, tunda bakunansa biyu a gefe ɗaya suke. A liƙe su da salatif. Tsohuwar waya ko abin ajiyar caji da ya kumbura a fitar da shi daga gida, kada a danna shi ko a huda. Na lafiya kuwa ya fi daɗewa idan aka ajiye shi da kusan rabin caji a wuri mai sanyi. Mafi haɗari ga yara shi ne ɗan batir mai faɗi kamar maɓalli, irin na agogo da rimot ɗin mota. Idan ya maƙale a hanyar abincin yaro yana iya ƙona ta cikin awa biyu. A kulle shi a sama, sabo da tsoho.

Magunguna: a duba ranar ƙarewar aikinsu. Wanda ya wuce, da wanda ya canza launi, da ragowar wanda aka rubuta wa wani ciwo da ya wuce, a tambayi mai kantin magani yadda za a rabu da su. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30 a ma'aunin Selshiyas, don haka siton da ke ɗaukar zafi ba wurinsu ba ne.

Sai kafur ɗin da ake zubawa cikin tufafi don korar asu. Yawancinsa sinadarin naftalin ne, fari ne kuma dunƙulalle, yaro zai ɗauka alewa ce. Ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, musamman jarirai, ko sa tufafin da suka sha warinsa yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jininsu. Tufafin da aka wanke, suka bushe, aka rufe cikin akwati mai murfi, ba sa buƙatarsa.

Mataki na biyar: ɗakin da babu komai

Yanzu ne kaɗai za ku ga bango da kusurwa, kada ku bari damar ta wuce. A kakkaɓe yanar gizo, a goge kantoci da ruwan sabulu, a share ƙasa, a bar ƙofa a buɗe ya bushe sosai kafin a mayar da ko allura.

Ku haska tocila ku nemi abu uku. Na farko danshi: fenti da ya kumbura, tabon ruwa, baƙaƙen ɗigo na fumfuna, ko warin rima. Fumfuna tana samun wurin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 60 cikin ɗari. Don ku san daga ina ruwan yake, ku yanko falle na leda, ku liƙe gefensa huɗu a bango da salatif, ku bar shi kwana biyu. Idan laima ta taru a bayan ledar, ta cikin bango ruwan yake shigowa, wataƙila bututu ne ke yoyo ko ruwan sama ke ratsawa, kuma sai an gyara can. Idan a fuskar waje ta taru, iskar ɗakin ce ke da danshi, maganinta kuwa samar da hanyar iska, ko da 'yan ramuka ne a ƙasa da saman ƙofa.

Na biyu ɓera da kyankyaso: kashinsu, takarda da aka gutsuttsura, da rami a inda bututu ya ratsa bango. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da bai fi milimita 6 ba, wato kaurin fensir. A cusa soson ƙarfe a ramin sannan a shafe da siminti, don tsumma ko takarda cinyewa zai yi. Na uku gara: siraran hanyoyin ƙasa da take ginawa a jikin bango ko katako. Idan kun gan su, ku kira masu feshi kafin ku mayar da takarda ko katako ciki.

Idan fitilar ciki tsohon kwai ne mai zafi, a canza shi da LED, don mai zafi kusa da kwali ko bargo hanyar gobara ce. Inda babu waya, akwai ƙananan fitilu masu batir da ke kunna kansu idan an buɗe ƙofa. Sito mai duhu ba ya daɗewa a gyare, mutum daga bakin ƙofa yake jefa abu ya juya.

Mataki na shida: raba wuri

Sai yanzu tef ɗin awo zai yi aiki. Ku auna faɗi, zurfi, tsayi, da faɗin ƙofar kanta, ku rubuta a waya.

Ƙa'idar jeri ita ce yawan amfani. Daga ƙugu zuwa kafaɗa shi ne wuri mafi tsada a sito, a ba wa abin da ake ɗauka kowane mako. Sama da kai na marasa nauyi ne da ake nema sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar filo, bargo da jakar tafiya mara komai. Masu nauyi su sauka ƙasa: akwatin kayan aiki, gwangwanin fenti, jarkar ruwa. Abin da ke da haɗari ga yara shi kaɗai ne ke karya ƙa'idar, ya hau sama ko ya shiga kulle ko da kullum ake ɗaukarsa.

Zurfin kanta santimita 30 zuwa 40 ya wadatar. Wadda ta fi haka tana da layin baya, kuma abin da ya shiga layin baya ya ɓata. Idan kantocinku masu zurfi ne tun asali, ku sa dogon kwando da za a jawo kamar durowa. Tazarar da ke tsakanin kanta da kanta ta bi tsayin kayan, da ƙarin ɗan wurin sa hannu. Kwalabe masu tsayin santimita 25 a ƙarƙashin sararin santimita 60 asarar wuri ce, kuma sararin nan shi ke kiran a ɗora wani abu a kai. Duk kanta mai tsayuwa da ƙafarta a ɗaure ta da bango da sukuru, saboda yaro zai taka ta kamar tsani ko ba jima ko ba daɗe.

Tsintsiya, abin goge ƙasa, tsani da teburin guga a rataye su a bango. Bayan ƙofa ma wuri ne, yana ɗaukar ƙugiyoyi ko jaka mai aljihuna. Kayan ƙasa a ɗaga su kamar santimita 10 a kan katako ko ƙaramar kanta, a kuma bar ɗan tazara tsakaninsu da bango don iska. Tsakiyar ƙasa kuwa ta zauna fayau. Ranar da aka ajiye leda ɗaya a wurin tsayawa, hannu ya daina kai wa kanta, daga nan komai a ƙasa zai riƙa sauka.

Mataki na bakwai: mazubi da suna

Yanzu kun san abin da ya rage da girman wurin, kuna iya sayen mazubi, idan ma akwai buƙata. Kwalin takalmi, gwangwani mai murfi da tsohon kwando suna aiki daidai da na kanti ga ƙananan kaya. Ga ajiyar dogon lokaci roba mai murfi ta fi kwali, don kwali yana shan danshi, ƙwari kuma suna son sa. Mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye cin moriyar wuri, kuma iri ɗaya sun fi hawa kan juna.

Abin da ake ɗauka kullum kada a sa masa murfi, kada kuma a ɗora komai a kansa. Mutum zai jure wahalar ciro abin da yake buƙata, amma ba zai jure wahalar mayar da shi ba. Idan mayar da sukurdireba na nufin sauke akwati biyu da buɗe murfi, a kan firij za ta kwana.

Babban akwati na kaya marasa nauyi ne, ƙarami na masu nauyi. Takarda tana yaudara: rim ɗaya na A4 mai falle 500 kusan kilo biyu da rabi ne, don haka babban akwati cike da littattafai ba ya ɗaguwa sai da ciwon baya. Yadudduka a wanke su kafin ajiya, don tabon gumi da na maiƙo ne ke jawo asu, kuma su bushe ƙarau, saboda ɗan danshi a cikin rufaffiyar roba fumfuna zai zama. Ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na na'ura suna tsotse laima, a jefa su cikin akwatin takardu da na kayan aiki, nesa da hannun yara. Takardu masu muhimmanci, irin su takardar haihuwa, ta gida da satifiket, su shiga jaka ɗaya da ruwa ba ya ratsawa, a kan kantar da ke nesa da ƙasa, inda za a iya ɗauka da gudu. A cire musu ƙarfen maƙala takarda da robar ɗauri, ɗaya tsatsa yake yi, ɗaya narkewa take ta manne.

Suna a gefen da ke kallon ƙofa ake rubuta shi, da manyan baƙaƙe, ba a murfi ba. A faɗi abin da ke ciki dalla-dalla: "kwan fitila da batir", "zanin gado na baƙi". Kada a sami akwati mai suna "tarkace" ko "sauran kaya", don shi ne zai fara cika. A rubuta sunan a bakin kantar ma, yadda idan an ɗauke akwatin gurbinsa zai jira shi. Ga yaran da ba su fara karatu ba, zane ko hoto ya isa.

Ku bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wurin babu komai. Gida ba ya daina karɓar kaya, kuma sito da aka cika maƙil ranar gyara ba shi da inda zai sa abu na gaba.

Bayan an gama

Ku kira mutanen gidan ku zagaya da su, minti biyar. Ku ɗauki hoton kantocin ku liƙa a bayan ƙofa, tare da takarda da biro don rubuta abin da ya kusa ƙarewa. Kayan da ake saya a kai a kai, kamar sabulu da batir, sabo ya shiga baya, tsoho ya matso gaba. Idan sabuwar fanka ko sabon bargo ya shigo, a yanke wa tsohon hukunci a ranar. Wata jaka ta zauna a rataye don kayan bayarwa, idan ta cika a fitar.

A makonnin farko ku lura da abin da ya ƙi zama a wurinsa. Idan almakashi kullum a kicin ake tsintarsa, ba taurin kan mutanen gida ba ne, a kicin ake buƙatarsa, sai a yi masa gurbi a can. Idan tocila ce ke yawo, wataƙila gidan na buƙatar biyu, ɗaya kusa da gado. Sau biyu a shekara, lokacin da ake sauya shimfiɗun zafi da na sanyi, a ɗauki rabin awa a duba ranar ƙarewar magunguna, allurar na'urar kashe gobara ko tana kan kore, bayan akwatunan ƙasa ko danshi ya dawo, da kwanan watan da ke jikin kwalin shakka.